Ƙwaryar Hindu

A kasuwar Moriki, can gefen da mata masu nono ke zama, akwai wata tsamiya. A gindinta Gado gyartai ya yi shekara talatin da 'yan kai yana ɗinke fasassun ƙore. Kayan aikinsa ba su cika jakar fata guda ba: basilla biyu, 'yar wuƙa, ɗaurin kaba da yake jiƙawa a tsohon gwangwani, sai auduga ta toshe kafa. Gajeren tsoho ne mai taurin kai, ga son a yabi aikinsa. In ka ce masa ɗinki ya yi kyau sai ya ɗaure fuska kamar bai ji ba, amma ranar sai matarsa Kulsumu ta ji labarin sau uku kafin ta sauke tukunya.

Sana'ar ta daɗe da fara mutuwa, domin roba ta cika kasuwa. Mamuda mai roba, wanda rumfarsa ke kallon tsamiyar, ba ya gajiya da tsokana.

"Baba Gado, wa ka ɗunkin ƙwarya yanzu, ga roba ja ga shuɗiya?"

"Zuba nono cikin robar taka shi kwana," in ji Gado, "da sahe ka sunsuna, sannan ka zo mu yi magana."

Matan Fulani ne suka rage masa, su da suka san abin da roba ke yi wa nono. Yana kuma da dokoki biyu da ba ya karyawa ko don uban wa. Ba ya miƙa ƙwarya sai a hannun mai ita. Kuma ba ta barin gindin tsamiya sai an cika ta da ruwa, mai ita ta ɗaga ta duba ƙasanta da idonta, ta ga ba ta yoyo.

Wata ranar kasuwa a ƙarshen damina, Hindu ta zo. Dattijuwa ce doguwa daga wata ruga da ke bayan gulbi, ta fi shekara ashirin tana kawo masa aiki, kuma ba su taɓa rabuwa ba tare da sun yi musu ba.

"Kaɗo, aje goron nan ka ga aiki."

"Bahillata, mi kinka hwasa kuma?"

Ta warware wani tsohon zane, ta fito da ƙwarya. Gado ya aje goron. Babba ce, ta sha nono da mai shekara da shekaru har ta yi ja tana sheƙi. An zana bakinta da wuƙa, layi uku na ƙananan ƙahonni, a ƙarƙashinsu wani tabo mai kama da sawun zabuwa. Tsagar ta taso daga baki ta gangara kusan taƙi guda. Ɗan maraƙi ne ya harbe ta wajen tatsa.

"Kakata tab ba innata, innata tab ba ni," in ji Hindu. "In anka gama girbi ɗiyata Karima za ta ɗakinta, da ita za ta tahi. Ka ɗunke man yanzu, in na sai da nono in wuce da abata."

Gaskiyar magana, da ya so da ya gama. Aikin bai wuce tsakanin azahar da la'asar ba. Sai dai kabar da ke cikin gwangwaninsa mai kauri ce, ta aikin yau da kullum. A gida yana da wata fara da ya tsaga siriri ya ajiye don irin wannan rana. Yana son ranar biki mata su juya ƙwaryar nan su tambaya wane ne ya yi ɗinkin. Abin da ke ransa ke nan, ba wani abu ba.

"Wagga ba ƙwaryar gaggawa ba ce," ya ce. "Ki bar ta, kasuwa mai zuwa ki amsa."

Hindu ta dafa bakin ƙwaryar.

"Ba ta taɓa kwana waje ba."

"To ta kwana gidan kaɗo, ta ga duniya."

Ta yi dariya, ta saki. Ta ɗebo nono ludayi uku da curin man shanu ta zuba masa a kwano, ta ce ladansa ke nan tun yanzu, kada ya ce Fulani ba su da alheri. Har ta juya sai ta dawo.

"Kada ka bari ta bushe. In ta daɗe ba ta sha mai ba sai ta ƙeƙashe ta tsage wani wuri. Ka riƙa shafa mata."

Washegari da safe ya zauna a ƙofar gidansa, a ƙauyensu da ke tafiyar awa guda daga Moriki, ya yi ɗinkin. Ƙanana ya yi su, a jere, sai ka sa yatsa kafin ka san akwai zare a wurin. Kafin hantsi ya gama. Ya kai wa Kulsumu ta gani, ya kai wa maƙwabci, har liman sai da ya gani.

Saura kwana biyu kasuwa ta ci, aka faɗa a rediyo cewa an rufe kasuwannin mako saboda ɓarayin daji. Layin waya ma aka yanke. Ranar kasuwa Gado bai je ko'ina ba. Ya rataye ƙwaryar a ragaya, ya rufe ta da faifai, ya ce in an buɗe mai ita za ta zo.

Abin da ya biyo baya ba ya daɗin faɗi. Ɓarayi suka hana noma, suka riƙa kwashe mutane a gona. 'Yan sa-kai kuma suka tashi, duk wanda suka gani da sanda da malafa ya shiga uku. Kowane ɓangare yana da gawar da zai nuna, kuma ba wanda ke son jin ta ɗan'uwansa. Mutanen da suka shekara arba'in suna musayar gero da nono suka koma ba sa haɗa hanya.

Da aka buɗe kasuwa bayan watanni, Gado ya riga kowa isa gindin tsamiya, ƙwarya a naɗe cikin zanenta. Gefen masu nono, inda da can mata talatin ke zama, mata biyu ya tarar. Ya tambaye su Hindu. Ɗaya ta ce ba ta san ta ba. Ɗayar ta dubi hagu ta dubi dama, ta ce rugagen bayan gulbi duk sun tashi, ta sunkuyar da kai tana gyara ludayi. Mako bayan mako yana zuwa da ƙwaryar yana komawa da ita. Duk Juma'a da safe sai ya ɗauraye ta da nono, ya shafe ta da man shanu ciki da waje, ya mayar ragaya.

A shekara ta biyu aka shigo ƙauyensu da rana tsaka, a kan babura. Wanda ya tsira ya tsira da abin da hannunsa ya kai. Kulsumu ta suri tukunya da tabarma. Gado ya suri jakar aikinsa, ya ciro ƙwaryar daga ragaya ya cusa ta cikin rigarsa. Sai da suka isa Ƙaura Namoda, wani ɗan ƙaninsa ya ba su ɗaki a bayan tsohuwar tashar jirgi, sannan Kulsumu ta ga abin da ya ɗauko.

"Malam, akuyata na ɗaure ƙohwar ɗaki. Turmina na tsakar gida. Hannunka bai kai gare su ba sai ga ƙwaryar mutane?"

"Akuya taki ce, turmi naki ne," ya ce. "Wagga ba tamu ba ce."

Ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, kuma tana da gaskiyarta.

A Ƙaura ba mai kawo ƙwarya. Gado, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zagin roba, ya koma ɗinke fasassun bokitai da baho da waya a bakin kasuwa. Abin yana ci masa rai, amma ciki ba ruwansa da wannan. Abin da yake samu da ƙyar yake kai su tuwon dare, miya kuwa sau da yawa ba mai. Duk da haka ranar Juma'a sai ya nemo nono da ɗan man shanu. Da Kulsumu ta ce ba a taɓa yin gidan da ƙwarya ke cin mai mutane na cin gaya ba, sai ya daina cin goro, ya mayar da kuɗin goron can. Tsohon da ya shekara hamsin da goro a baki ya koma tauna tsinke. Nonon ma ba nono ba ne. Shanu sun yi nisa, masu sayarwa madarar gari suke damawa su bar ta ta yi tsami. Gado ya sani, amma ita ake samu.

Bai daina cigiya ba. Duk Bafillatanar da ya gani da ƙwarya a ka sai ya tare ta, ya buɗe zane ya nuna mata. Wasu su girgiza kai, wasu su ƙara sauri. Mamuda mai roba, wanda shi ma gudu ya kawo shi Ƙaura, ya ja shi gefe wata rana. Wannan karon ba tsokana a bakinsa.

"Baba, ka bar tambayar mutanen nan. An hwara cewa kai ka kai ma ɓarayi labari daji. Ka san abin da aka yi ma wanda anka kira infoma."

Gado ya ji tsoro. Ya yi mako biyu bai fita da ƙwaryar ba. Amma duk sanda ya shiga ɗaki ya gan ta a rataye sai ya ji kunya, kamar baƙon da aka bari bai ci abinci ba. A mako na uku ya sake naɗe ta.

Shekara uku da rabi ƙwaryar ta yi a hannunsa kafin ya dace. Wata tsohuwa ce mai sayar da man shanu a bakin asibiti. Ta karɓa, ta bi ƙahonnin da yatsa, ta tsaya a kan sawun zabuwar.

"Zanen gidan su Hindu ne. Ina ka samo ta?"

Ya gaya mata.

"Ɗiyarta na Shinkahi, cikin tasha. Tana ma wata mai abinci wanke-wanke."

"Ita Hindun hwa?"

Tsohuwar ta miƙo masa ƙwaryar da hannu biyu. "Tahi ka tambayi ɗiyar."

Gado ba yaro ba ne, ya gane. Amma ya ƙi yarda da abin da ya gane.

Hanyar Shinkafi ba a binta sai dole. Ya ɗauka Kulsumu za ta hana shi. Ranar Alhamis da asuba sai ya tarar ta wanke zanen ƙwaryar ta shanya tun jiya, ta kuma ƙulla masa ƙuli-ƙuli a leda. Ta ce in ya ga matar ya gaishe ta, ya gaya mata an sha wahalar abarta. Ya shiga ɗaya daga motocin 'yan kasuwa da ke tafiya a jere, ba wanda ya yi hira har aka isa.

A tasha aka nuna masa bayan wata rumfar shinkafa. Wata matashiya ce ramammiya, goye da jaririya, ta duƙa a kan baho cike da kwanoni. Tsayin Hindu ne da ita, da irin wuyanta. Ya yi sallama, ya tsuguna nesa kaɗan.

"Ke ce Karima?"

"Ni ce, Baba. Lahiya?"

Sai ya warware zanen. Ta tsaya da kwano a hannu, kumfa na ɗiga. Ta aje shi a hankali, ta goge hannu a zaninta sau biyu, ta miƙo. Gado bai saki ba tukuna.

"Hindu tab ba ni. Hannunta ya kamata in sa ta."

"Inna ta rasu, Baba."

Ya yi salati, ya saki. Ta rungume ƙwaryar, ta sa fuskarta a ciki ta ja numfashi mai tsawo. Da ta ɗago, idonta ya cika.

"Madarar gari," ta ce.

"Ita ka samuwa, ɗiyata. Ki yi haƙuri."

"Na ɗauka zan ji ƙamshin ɗakinmu."

Wannan ta soke shi. Shekara uku da rabi yana wanke ƙwaryar don kada ta lalace, ashe abin da yarinyar ke nema a ciki yake wankewa. Ya tambaye ta yaushe aka yi rasuwar, ciwo ne ko me. Karima ta zauna a kan dutse, ta juyo da jaririyar gaba.

"Mu can ruga ba mu ji an ruhe kasuwa ba. Waya ba ta shiga, kuma ba wanda yaz zo daga gari. Ranar kasuwa ta shirya. Baffa ya ce ta bari, hanya ba ta da daɗi. Ta ce tsoho na can gindin tsamiya yana jiranta, kuma ƙwarya ta kwana bakwai waje, ya isa. Ta ari roba ta zuba nono, ta tahi." Ta gyara wa jaririyar hula. "Kwana na ukku anka gane ta bakin gulbi. Wasu sun ce ɓarayi, wasu sun ce 'yan sa-kai. Ba mu tsaya tambaya ba, ranar munka tashi."

Sauran labarin gajere ne. An kwashe shanun a hanya. An ɗaura aurenta ba biki, mijin yana dako a kasuwa. Gado yana jinta, amma hankalinsa na can ƙofar gidansa, ranar kasuwar da bai je ba. Ya tuna yana zaune a inuwa yana jin rediyo, ƙwarya na rataye a ɗaki, gamammiya tun kwana shida. Yana iya yin shiru ya tashi, ba wanda zai sani. Bai yi shirun ba.

"Ɗiyata, aikin nan bai kai wuni ba. Da na so, da ranar ta wuce da abarta. Ni nar riƙe ta don a yabe ni."

Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da za ta ce. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Inna ta sani," in ji Karima. "Da ta komo ranar tana dariya. Ta ce kaɗon nan na iya gamawa yau, so yake shi yi ma amarya na gani na faɗa. Ta ji daɗi, Baba. Ta ce duk Moriki kai kaɗai ka san darajar ƙwarya."

Yabon da ya yi shekaru yana jira ke nan, ya zo masa a bayan rumfar shinkafa. Tsohon ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na rawa. Karima ta bar shi har ya gama.

Da ya natsu ya ce ta kawo ruwa. Ta ce ba sai an gwada ba. Ya ce a'a, haka ake yi. Ta ɗebo daga jarka ta cika ƙwaryar har baki, ta ɗaga ta da hannu biyu sama da kanta, ta leƙa ƙasan. Suka jira. Ko ɗigo bai fito ba. Ta bi ɗinkin da yatsa tun daga baki har inda ya ƙare.

"Ya yi kyau," ta ce.

Ta juye ruwan a bahon wanke-wanke, domin ruwa saye ake yi a tasha. Mai abincin ta leƙo ta ce kwanoni sun ƙare a gaba. Karima ta roƙe ta minti kaɗan ta kai kaya ɗaki, kada a taka. Ta mayar da goyonta, ta yi wa Gado godiya, ta ce ya gaida gida. Ya tuna saƙon Kulsumu, ya ga ba wanda zai ba.

Ta naɗa gammo ta ɗora ƙwaryar a ka, ta saki hannu kamar yadda matan gidansu ke yi. Gado ya sha ganin Hindu ta ratsa kasuwar Moriki da ƙwaryar nan cike da nono, hannuwanta biyu a sake, tana tafe tana musu da mutane. Karima ba ta yi taku uku ba wata mota ta wuce, iskarta ta ɗaga ƙwaryar, saura kaɗan ta faɗi. Ba komai a cikinta da zai riƙe ta. Ta yi sauri ta tare, ta dafe ta da hannu ɗaya, ta shiga cikin mutane a haka.

Yana tsugune yana kallonta har ta ɓace. Sannan ya lura ta bar zanen a ƙasa. Ya ɗauka ya kakkaɓe, ya ninke shi, ya zauna jiran ta dawo ya sa mata a hannu.